Kwaɗon da Na Buɗe wa Baffa

Man keken ɗinki yana da wani wari da ba ya fitowa sosai sai ya haɗu da tsatsa. Jiya da hantsi wata tsohuwa ta aiko mini da akwatin ƙarfe wanda mabuɗinsa ya ɓata tun bara. Na ɗiga man a bakin kwaɗon, warin ya taso ya cika mini hanci, sai na ajiye wayar buɗe kwaɗon da ke hannuna. Ga ni zaune a teburina cikin kasuwar Gummi, babura na wucewa, masu nama na kiran ciniki, amma ni ina can ƙauyenmu, a zauren Kakana, ina ɗan shekara tara.

Ƙauyen namu yana tsakanin Anka da Bukkuyum. Ba zan faɗa maka sunansa ba, don waɗanda zan yi zancensu wasu suna raye. A lokacin da nake ba ka labari ƙofa ba ta da wata daraja a wurinmu. Asabari ake saki a bakin ɗaki, a jingina zana a bakin shiga gida saboda awaki. Duk faɗin gidanmu kwaɗo uku ne: na akwatin Baba, na adakar Inna, sai na wani ɗan ɗaki a bayan gida da muke kira ɗakin maƙera, inda Kaka ya tara kayan aikinsa bayan ya daina ƙira.

Kaka maƙeri ne. Ya ƙera fartanya da lauje da galma har idonsa ya fara hazo, hannunsa ya fara rawa, sannan ya haƙura. Abin da ya rage masa na sana'a shi ne wani tsohon gwangwanin madara cike da matattun kwaɗuna, waɗanda mutane suka kawo gyara shekaru da yawa ba su dawo karɓa ba. In damina ta yi nisa, ranar da ruwa ya hana zuwa gona, yakan zazzage gwangwanin a kan buzunsa. Ruwa na zuba daga indararo, ƙamshin masarar da Inna ke gasawa na shigowa daga cikin gida, shi kuma yana laluba kwaɗunan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen goro.

Wata rana ya fasa ɗaya da kurfin sarar ƙarfe da guduma, ya nuna mini cikinsa. Na ga 'yan ƙananan ƙarafa a jere, kowanne da tsawonsa, kowanne da ɗan siririn abin da ke tura shi. Ya ce aikin mabuɗi kawai shi ne ya ɗaga kowanne daidai inda ya kamata, kuma abin da mabuɗi ya yi, waya ma za ta iya in mai ita yana da haƙuri. Ya ciro waya daga tsohuwar ƙafar keke, ya daddale bakinta, ya goge da magagari, ya lanƙwasa, ya miƙo mini tare da wani ɗan ƙarfen lema da ake murɗawa da shi.

Kwana goma sha wani abu na yi ina fama da kwaɗo guda. Yatsuna suka yi kanta. Ranar da ya buɗe, ban ma san na yi daidai ba, ji kawai na yi ya saki a hannuna. Na yi tsalle har na zubar wa Kaka da butarsa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “To, ga ɓarawon gidanmu ya hito.” Wasan kaka da jika ne. Ni ma na ce masa tsohon ɓarawo ne ya koya wa sabo. Bayan dariyar ta lafa ya kama kunnena, ba da zafi ba, ya ce, “Abu guda nika hwaɗa maka. Kak ka taɓa buɗe kwaɗon da mai shi ba ya tsaye.”

Daga nan ban ƙara sha'awar langa ko harbin tsuntsu ba. Kafin girbi na gama da duk abin da ke cikin gwangwanin, na koma ina rufe ido ina buɗewa. Matan unguwa suka ji labari. Wadda ɗanta ya jefa mabuɗin adakarta a rijiya sai ta aiko a kira ni, tunda ni yaro ne, ba a hana ni shiga gida. In na buɗe a ba ni ƙuli-ƙuli ko dunƙulen fura, wani lokaci albarka kawai. Baba bai taɓa yabawa ba, bai kuma hana ba. Ni ne ɗan fari, kuma ka san yadda abin yake a wurinmu: shi da Inna ba sa kiran sunana, ba sa nuna sun damu da ni a gaban mutane. In wani ya ce yaron nan yana da hannu, Baba sai ya kau da kai ya kawo zancen taki.

Sai zinari ya zo. Ba wai da can babu shi ba, amma a shekarun nan kuɗinsa ya tashi, kowa ya koma dutse. Maza su tafi ramuka a daji su dawo da buhuna a kan babura. A fasa dutsen da guduma, a kai injin niƙa, ko mata su daka a turmi cikin gida, a wanke, a sa zaiba a kama zinarin. Baba da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, suka haɗa hannu. Baffa ne mai zuwa rami, Baba mai kula da aikin gida. Rufin kwano ya hau ɗakin Inna. Muka fara cin shinkafa ba ranar salla ba. Wata farar ƙura mai laushi kamar garin tuwo ta kwanta a kan komai, kan tabarma, kan murfin randa, kan gashin yara masu rarrafe. Ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

A bazarar 2010 yara suka fara mutuwa. Yaro yana wasa da safe, da rana ya yi amai, ya sanƙare, idonsa ya juye, kafin la'asar an naɗe shi a tabarma. Aka ce iska ce, aka ce zazzaɓi ne mai tsanani, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Muka ji ana irin wannan a Yargalma, ana yi a Abare. Daga baya ma'aikatan lafiya suka zo, har da Turawa, suka ɗebi jinin yara da ƙasar tsakar gida. Suka tara mutane a ƙofar mai gari, aka yi bayani da Hausa tsantsa yadda ba wanda zai ce bai gane ba: dutsen nan akwai dalma a cikinsa, ƙurarsa ce ke shiga cikin yara ta kashe su. Ina wurin, a gaba ma nake tsaye. Na ji da kunnena. Ka riƙe wannan.

Ƙannena biyu ne a lokacin, namiji ɗan shekara uku, da mace mai shan nono. Aka ce jinin macen ya ɓaci sosai, sai an kwantar da ita a Anka. Na namijin da sauƙi, aka ce ya zauna gida, muddin an raba shi da ƙura. Ma'aikata suka kankare ƙasar tsakar gidanmu suka kwashe, suka zuba sabuwa ja. Mai gari ya hana aikin dutse cikin gari, ya ce duk mai yi ya koma wani fili can bayan fadama.

Akwai sauran buhuna shida na dutse da ba a taɓa ba, na Baba da Baffa. Baffa yana daji. Baba ya kinkime su shi kaɗai ya zuba a ɗakin maƙera, har da turmin da taɓaren da ake dakan, ya ja ƙofa ya datse kwaɗo. Ya sa mabuɗin a aljihu, ya goya Inna da jaririyar a babur, suka tafi Anka. Ni da ƙanena aka bar mu hannun matar Baffa, Kaka kuma yana nan a rumfarsa.

Kwana huɗu da tafiyarsu Baffa ya dawo. Ya zagaya bayan gida, ya ga kwaɗo, ya jijjiga shi, ya tsaya yana huci. Da azahar, rana ta take, Kaka yana kishingiɗe a rumfa da rawani a fuska, Baffa ya yafito ni.

“Zo nan, ɗana. Babanka ya mance ya tahi da mabuɗi Anka. Shi da kainai yac ce in kwashe buhunnan ga.”

Na ce Kaka ya hana ni buɗe kwaɗon da mai shi ba ya nan.

Ya ce, “To ni wane ne? Dutsen ga ba ni nih haƙo shi ba? Ko dai wanga ya hi ƙarhinka, na adakar mata kaɗai ka iya?”

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar kuɗi sabuwa fil, ya riƙe ta da yatsu biyu. Ba wanda ya taɓa ba ni kuɗi saboda wannan abin. Ƙuli-ƙuli ake ba yaro. Kuɗi kuwa mai sana'a ake ba. Ina so in ce maka tsoron Baffa ne ya sa ni, ko kuma na yarda da zancensa cewa Baba ne ya aiko shi. Ba haka ba ne. Na san Baba ba ya mantuwa. Ina son takardar nan, kuma kwaɗon ɗakin maƙera shi kaɗai ne a gidan ban taɓa gwadawa ba.

Bai ɗauke ni lokacin da za a sha kofin ruwa ba. Har na nuna wa Baffa yadda zai mayar da shi ya rataya kamar a kulle, ba tare da ya datse ba. Ranar kasuwa na je na sayi wani kwaɗo mai ruwan tagulla da na daɗe ina kallo a tabarmar mai koli. Da shi nake kwana a aljihu.

Baffa bai kai buhunan bayan fadama ba. Ya ce can akwai idon mutane, akwai masu raba ka da rabin abinka. A bayan gidanmu ya yi aikin, gindin bishiyar dalbejiya. Shi ya fasa, matarsa ta daka, suna yi daidai lokacin da maƙwabta ke dakan hatsi don kada ƙarar ta fita daban. Ba su kaɗai ke yin haka a garin ba, na sani. Gindin dalbejiyar nan kuwa nan ne inuwar gidan, nan ƙanena ke wuni. Yana da wata motar gwangwani da na yi masa, yana loda mata ƙasa yana juyewa. Na gan shi da farar ƙura har gira. Na gan shi yana cin ɗanwake da hannun da bai wanke ba. Sau biyu na ɗauke shi na kai shi zaure, ya yi kuka ya koma. Ban gaya wa Kaka ba, ban je wurin mai gari ba, ban aika wa Baba ba ko da yake masu babur na zuwa Anka kullum. In na yi magana, tambayar farko ita ce wa ya buɗe ɗakin.

Mako uku aka yi haka. Ranar da su Inna suka dawo da jaririyar ta warware, ana ta barka, a ranar ƙanena ya ƙi cin abinci. Washegari da safe ya faɗi a bakin murhu yana jijjiga. Baba bai ko huta gajiyar tafiya ba ya sake ɗaukar hanyar Anka. A can aka tambaye shi ko an koma aikin dutse a gidan, don jinin yaron ya hau fiye da yadda aka auna a baya. Baba ya ce a'a, shi da hannunsa ya kulle. Aka ce ya je ya duba. Da ya duba, ya tarar kwaɗon a rataye kawai, buhunan babu su.

Ƙanena bai mutu ba. Ya dawo bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki. Yaron da ke kiran sunan kowace akuya a gidan, wanda ke bin Kaka yana kwaikwayon tarinsa, ya dawo ba ya cewa komai. Yana kallonka kamar yana kallon bango. Har yau bai ƙara haɗa kalma biyu ba.

Aka zauna a zaure bayan sallar la'asar, Kaka a kan buzu, Baba da Baffa a gabansa, da dattawa biyu na dangi. Aka kira ni na durƙusa a bakin ƙofa. Baffa ya yi magana a natse, har da share hawaye. Ya ce shi a buɗe ya tarar da ɗakin. Ya ce kowa ya san yaron nan ba ya ganin kwaɗo ya ƙyale. Da ya ga ɗaki a buɗe, ya ji tsoron ɓarayi, shi ya sa ya yi sauri ya sarrafa kayan, kuma bai san ƙurar za ta kai ga haka ba.

Na ɗaga kai na dubi Kaka. Yana jan tasbaha, idonsa a ƙasa. Na dubi Baba. Uba ba ya tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, balle a kan ɗan'uwansa. Na buɗe baki, ɗaya daga cikin dattawan ya daka mini tsawa, ya ce manya na magana. Can Kaka ya ce, “A bar zancen ga. Ƙuruciya ta, kuma abin da Allah ya rubuta ba shi da makawa.” Aka shafa fatiha. Baffa ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya karɓa.

Bayan kwana biyu muna noma a gonar gero, ni da Baba, kowa da kunyarsa. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, “Nawa yab ba ka?”

Na ce, “Ɗari biyu.”

Ya tsaya, ya dafa ƙotar fartanya, ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya ci gaba da noma. Bai dake ni ba. Na so ya dake ni. Daga ranar har yau bai sake tayar da maganar ba.

Sunan ɓarawon da Kaka ya sa mini da wasa ya fita daga zaure ya shiga gari, ya bar dariyar a baya. Matan da ke kirana suka daina. In na shiga gida aike, sai in ga an ja adaka an tura ƙarƙashin gado. Akuya ta ɓata, a tambayi inda na wuni. An ɗauke wa wani rediyo, a zo a zazzage jakar makarantata a gaban yara. Inna kuwa, in na dawo sai in tarar ta ajiye mini tuwo da miya fiye da na kowa. Ita ce, na ji daga baya, ta roƙi Baba a kai ni Gummi wurin Gwaggo, yayarsa, kafin garin ya mayar da ni abin da yake kirana.

Na zo Gummi ina ɗan shekara goma sha huɗu, na yi rantsuwa a raina ba zan ƙara taɓa waya ba. Na shiga dako a kasuwa. Akwai wani mai shagon kayan gini, Ibo ne, Kirista, ya fi shekara ashirin a garin, Hausarsa har da karin harshenmu. Ina yawan sauke masa siminti da kwano. Wata rana wani malamin makaranta ya zo da akwati a bayan babur, ya ce takardun jarrabawar ɗalibai na ciki, mabuɗi ya karye a kwaɗon, kuma akwatin ba nasa ba ne balle ya fasa. Mai shago ya ɗauko zarto. Ina tsaye da buhu a ka, na ji bakina ya ce, “Kada a yanke.” Na roƙi allurar ɗinkin buhu da ɗan guntun waya. Na zaro karyayyen mabuɗin, na buɗe.

Mai shago ya dube ni sama da ƙasa. “Wa ya koya maka?”

“Kakana.”

“Ɓarawo ne?”

“Maƙeri ne.”

Ya yi dariya, ya ce, “To ai wannan aiki ne. Me kake yi da dako?”

Shi ne mutum na farko da ya kira abin aiki. Ba dangina ba ne, ba addininmu ɗaya ba, bai san daga inda na fito ba. Ya ba ni gefen barandarsa da ɗan benci. Duk wanda ya zo sayen sabon kwaɗo saboda mabuɗi ya ɓata, sai ya nuna masa ni, ko da kuwa hakan na rage masa ciniki. Ya koya mini ƙofofin ƙarfe na zamani da makullin mota, ya sa aka kawo mini magagarai ƙanana da mabuɗai marasa haƙori waɗanda ake yankawa. Ya kafa mini sharaɗi: ba na zuwa gidan kowa buɗe ƙofa sai da mai unguwa ko maƙwabta biyu a tsaye. Sau ɗaya aka fasa shaguna a layinmu 'yan sanda suka zo suka tafi da ni, don kowa ya san wanda ya iya. Shi ya rufe shagonsa ya bi ni, bai bar wurin ba sai da aka sake ni. Bayan shekara huɗu na sayi injin yanka mabuɗi na hannu, na kafa teburina.

A shekarar ne aka aiko Kaka ba shi da lafiya. Na same shi a rumfarsa da rana, ya zama ƙashi da fata, idon ya tafi gaba ɗaya. Ya gane ni da murya. Ya sa aka fita aka bar mu. Ya laluba ƙarƙashin buzu ya ciro magagarinsa, wanda ya goge mini wayar farko da shi, ya ɗora a cinyata.

Ya ce, “Ranan nan da azahar, idona biyu. Na ji abin da yac ce maka. Na ji hal lokacin da kwaɗon ya buɗe.”

Na ce, “To mi ya hana ka hwaɗi, Kaka?”

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, “Ɗiyana na su biyu. In na hwaɗi, gida ya tsage. Kai ko yaro na. Na ce za ka mance.”

Ya nemi in yafe masa. Na ce na yafe, don ba a hana mai mutuwa wannan. Ya rasu bayan kwana uku. Na yi kuka a jana'izarsa fiye da kowa, kuma a hanyar komawa Gummi ina jin haushinsa kamar ƙirjina zai fashe. Duka biyun gaskiya ne. Na kuma san cewa ko da ya yi magana a zaure, da sunana kawai zai wanke. Maganar da za ta ceci ƙanena ita ce wadda bai yi ba tun da azahar ɗin, da wadda ni ban yi ba har mako uku.

Gidan da ya ƙi bari ya tsage bai daɗe ba. 'Yan bindiga suka matsa wa yankinmu, noma ya gagara, mutane suka watse. Baffa tuni ya koma Anka, harkar zinari ta karɓe shi. Baba da Inna da ƙannena suka taho Gummi, na kama musu ɗakuna biyu kusa da Gwaggo. Ranar da suka tare, Baba ya shiga kasuwa, ya wuce teburina, ya je wani shago can ƙarshen layi ya sayi kwaɗon ɗakinsa. Na gan shi. Shi ma ya san na gan shi.

Ƙanena ya girma, ya fi ni tsawo. Ba ya faɗa, ba ya ɓarna, sai dai tafiya. In ya ga ƙofa a buɗe ya fita, ya miƙe, ba ya waiwaye. A ƙauye kowa ya san shi, a dawo da shi. Nan kuwa gari ne. Sau ɗaya mota ta kusa take shi, sau ɗaya aka tsinto shi bakin gulbi, ruwa har gwiwa. Bayan wannan Inna ta zo teburina da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya gefe, ta ja mayafi, ta ce, “A sa muna wani abu ga ƙohwa. Wanda ba ya iya buɗewa.”

Na zaɓi mafi kyau a cikin kayana. Na kafa shi sama, na ɗaure da ƙusoshi masu tsawo. Ina aikin yana tsaye a bayana yana kallon hannuna. Da na gama na datse, ya zo ya tura ƙofar sau ɗaya, sau biyu. Ya juyo ya dube ni. Sai ya koma gindin bango ya zauna.

Yanzu aiki ba ya yanke mini. Zamani ya juya, ba mai sakin asabari ya yi barci. Kowane ɗaki kwaɗo, kowane shago uku, har rumbu da turken awaki. Mutanen ƙauyuka da suka gudo sukan kawo mini mabuɗan gidajen da suka baro, su ce in yanka musu na biyu, ni da su duk mun san da wuya a koma. Ina yankawa. Ana kirana gidajen manya, ana ba ni kujera, ba mai tura akwati ƙarƙashin gado in na shiga. Na yi aure da wannan sana'a, da ita nake ciyar da iyayena.

Baffa ya gina bene a Anka, ya je Makka sau biyu. Duk salla Baba yakan ce a je a gaishe shi, don zumunci, kuma ni ke kai gaisuwar tunda ƙafar Baba ta yi nauyi. Nakan cire takalmi a bakin falo in durƙusa. Bara na tarar da baƙi cike da ɗakin. Ya dafa kaina, ya juya wurinsu yana murmushi, ya ce, “Wanga ɗana na. Duk ƙasag ga babu mai buɗe kwaɗo kama tai. Ni nif fara ba shi aiki.”

Baƙin suka ce madalla, Allah ya yi albarka. Na ce amin. Na tambayi lafiyar iyali, ya tambayi jikin ƙanena, na ce da sauƙi.